Inda Taswira Ta Ce Babu Sauro

"Mama, wai sauro ya iya karatu ne?"

Kembabazi ce ta yi tambayar tana zaune a kan cinyata, kuma da ƙarfi ta yi ta, yadda 'yar shekara biyar take yi idan abu ya tsaya mata a rai. Filin makarantar firamare ya cika da mutanen ƙauyenmu, Nyabushoro, kowa da bargo a kafaɗa don sabo, ko da yake ranar babu wani sanyin kirki. An kafa allo a gaba, an manna masa ƙatuwar taswirar gundumarmu. Jami'in hukumar lafiya, Mista Byamugisha, yana tsaye da 'yar sanda a hannu yana nuna mana launuka.

Na toshe mata baki, amma an riga an ji. Dariya ta tashi daga wannan benci zuwa wancan.

"Ƙyale ta, uwar yarinya," in ji Mista Byamugisha yana murmushi. "'Yan mata, me ya kawo wannan tambaya?"

Kemba ta ture hannuna. "Kai ka ce ba ya zuwa inda aka shafa fari. To ta yaya ya san nan ne farin?"

"Kun ji lauya!" wani ya faɗa daga baya. "Orishaba, da me kike ciyar da yarinyar nan?"

Ni ce Orishaba. Kunya ta hana ni ɗaga kai, amma a raina daɗi nake ji, don duk tsararrakinta babu mai wayonta.

Jami'in ya sake bayanin a hankali. Can ƙasan kwari, wajen tafki, ja ne, nan zazzaɓin cizon sauro yake da gida. Gangaren duwatsu ruwan ɗorawa ne. Mu da muke can ƙoli, inda gajimare yake sauka har cikin gonakin dankali, fari ne, domin sauron da ke kawo cutar ba ya jure sanyinmu. Amma duniya tana ɗumama, in ji shi, kuma masana sun ce nan da shekara goma ko sha biyar sauro zai fara hawowa. Hukuma ba za ta naɗe hannu ta jira shi ba. Shi ya sa aka zo mana da shiri.

Shirin shi ne wani farin akwati mai ƙafa huɗu da aka kafa a bayan ƙaramin asibitinmu, da ma'aunin zafi a cikinsa, da wani gwangwani mai layi-layi a gefe na awon ruwan sama. Ana neman wanda zai riƙa zuwa kullum da ƙarfe bakwai na safe ya duba, ya aika da lambobin ta waya. Can a ofis akwai na'urar da za ta riƙa tara su. Ranar da ta ga zafi da ruwa sun kai yadda sauro yake so, sai ta yi gargaɗi.

Ni na ɗaga hannu. Na gama aji huɗu na sakandare, ina da waya, tsakanin gidanmu da asibitin bai fi tafiyar minti goma ba. Sannan ina da 'ya. Na ce a raina, in dai akwai abin da ke tahowa, gara in zama ni ce zan fara hango shi. Aka ba ni riga mai hoton sauro an ja masa jan layi, da littafi, da biro biyu.

A hanyar komawa gida Kaka, uwar mijina, ta yi ta tsokanata. Da ita muke zaune, don mijina Turyatemba yana aiki a gonar rake can kwari, sai Kirsimeti da Ista muke ganinsa.

"An ba ki gadin sauro ke nan," ta ce. "Shekarata saba'in da ɗoriya a kan dutsen nan, ban taɓa jin kukansa ba sai da na sauka jana'izar ƙanena. Mu ciwonmu mura ne da tari da ciwon gwiwa. Zazzaɓin sauro na mutanen ƙasa ne, masu cin kifi."

"Kaka, ba ke kika ce mini da can bargo biyu kuke rufa ba? Yanzu ɗayan ma ture shi kike yi."

"Bargon yanzu ne ya fi na da kauri. Ke dai ki ce kin samu riga kyauta."

Wata goma sha huɗu na yi ina zuwa wurin akwatin nan, ban taɓa fashi ba. Ko ranar Lahadi sai na duba kafin in wuce coci. Kemba ce mai riƙe mini littafi, tana biye da ni tana tambaya: wa yake zaune a cikin wayar, me ya sa ruwan sama ba ya cika gwangwanin, shin sauro yana da kaka. Lambobin kuwa suna hawa kaɗan-kaɗan, irin hawan da sai mai kallonsu kullum zai lura.

Akwai fadama a ƙasan ƙauyenmu. A da duk doguwar ciyawa ce da ruwa mai sanyin da yake tsinka ƙafa. Da mutane suka yi yawa, gona ta yi kaɗan, aka sassabe ta aka yi kunyoyin dankali. Yanzu ruwa yana kwanciya a tsakanin kunyoyin, rana ta yi ta dafa shi. A watan Maris muna cire ciyawa Kemba ta kira ni.

"Mama, zo ki ga 'ya'yan kifi!"

Wasu 'yan tsutsotsi ne suna ta wutsil-wutsil a saman ruwan. Na ɗebo su a kwalba na kai wa Sista Kyarikunda, ma'aikaciyar jinyar da ita kaɗai take riƙe da asibitinmu. Ta ɗaga kwalbar ta duba a hasken taga.

"Na san su, 'ya'yan sauro ne," ta ce. "Shekara shida na yi aiki a kwari. Waɗannan ba su da niyyar jiran shekara goma."

A gabana ta buga waya ofis. Aka ce ta rubuto rahoto. Ta roƙi gidan sauro, aka ce rabon bana na ja ne da ruwan ɗorawa, fari sai nan da shekara biyu. Aka ce amma akwai sababbin hotunan faɗakarwa, za a aiko mana in an samu mota.

Gaskiya sai na faɗe ta duka, har da wadda ba ta yi mini daɗi ba. An taɓa raba mana gidan sauro shekara huɗu kafin nan, lokacin da aka raba wa ƙasa baki ɗaya. Tun da ba mu da sauro, kowa ya nema wa nasa aiki. Wasu suka kewaye 'yan tsaki da shi saboda shaho, wasu suka yayyanka shi suna ɗaure wake a jikin sanda. Nawa yana kan fangalin kabeji yana tare ƙanƙara da tsuntsaye. Ranar da na ga tsutsotsin na cire shi na wanke, na tarar da ramuka irin waɗanda hannu zai shige. Na ninke shi na ce zan ɗinke in na gama tonon dankali. Ni mai rigar sauro, ni na faɗi haka da bakina.

Ranar Litinin ta ƙarshe a watan Afrilu Kemba ta dawo daga wasa ta kwanta a bakin murhu, ta ce kanta yana ciwo. Jikinta zafi rau, tana rawar sanyi.

"Sanyin dutse ne," in ji Kaka. "Kullum ƙafa a cikin ruwan fadama, me kike jira? Ɗora tukunya."

Muka yi abin da kowace uwa take yi a Nyabushoro. Na tsinko ganyen itacen turare na tafasa, muka lulluɓe ta da bargo ta yi sirace har ta jiƙe sharkaf da gumi. Washegari da safe ta tashi garau, ta sha kunun dawa, ta riƙe mini littafi muka je wurin akwati.

"Kin gani ko, malamar sauro?" Kaka ta ce. "Ganyen nan ya girmi ofishinku."

Macen kwari, ko ba ta taɓa shiga aji ba, ta san zazzaɓin da yake tafiya ya dawo. Ta san saukinsa ba sauƙi ba ne. Mu ba mu san shi ba. Ba mu gaje shi ba, babu wanda ya taɓa nuna mana fuskarsa. Da la'asar ya dawo, ya fi na jiya. Muka sake sirace.

Ranar Laraba da safe na kai ta wurin Sista. Kamar da gayya, zafin ya sauka a lokacin. Kemba tana zaune a kan benci tana kaɗa ƙafa, tana tambayar Sista me ya sa allura ba ta jin tausayi.

"Sista, a gwada jininta," na ce.

Ta buɗe kabad ta nuna mini. Auduga, maganin tsutsar ciki, ruwan maganin mura, sai hotunan faɗakarwa da suka iso, an ɗaure su da igiya.

"Da me zan gwada, Maman Kemba? Tsinken gwaji da maganin zazzaɓin sauro launi suke bi. Kwalin da aka taɓa ba ni an zo an karɓe shi tun Janairu, wai kada ya lalace a inda babu cuta, an kai wa mutanen ja."

"To ki rubuta abin da kike zato mana."

"An hana. A farin yanki ba a rubuta sunan ciwon nan sai da shaidar gwaji. In na rubuta, takardar za ta dawo mini da jan biro." Ta ɗauki alƙalami ta rubuta mura. Ta miƙo mini kwalbar maganin rage zafi, sannan ta riƙe hannuna ta rage murya. "In da tawa ce, yau ɗin nan zan sauka da ita babban asibiti. Ba Sista ce ta gaya miki ba, uwa ce."

Sauka ba magana ce mai sauƙi ba a wannan makon. Ruwan da aka kwana uku ana yi ya zaftare ƙasa ya binne hanyar mota, ko babur ba ya wucewa. Abin da ya rage shi ne engozi, doguwar shimfiɗar saƙa mai sanduna biyu da mazan ƙauye suke ɗaukar mara lafiya a kai. Kowane gida yana cikin ƙungiyar masu ɗaukarsa, kuma mutum takwas ake fitarwa, huɗu su ɗauka huɗu su canje su. Na nufi gidan shugaban ƙungiyar, Baba Rwabuhemba.

Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ina takardar Sista?" ya ce.

Na miƙa masa. Ya nisanta ta daga idonsa ya karanta.

"Mura? 'Yata, in tayar da maza takwas daga tonon dankali saboda mura? Kin san ƙa'ida. Sai takarda ta ce a sauka da mutum." Ya dubi Kemba, wadda take tsugune tana ƙirga kajinsa. "Wannan mai surutun ce za a ɗora a engozi? Ke, amaryata, me yake damunki?"

"Kaina ne yake kaɗa ganga, Baba. Me ya sa kazarka ɗaya ba ta da wutsiya?"

Ya fashe da dariya. "Mai da ta gida ki ba ta kunu. Wannan sai ta binne mu duka."

Na mayar da ita gida. Wannan ma laifina ne, ban ɗora wa kowa ba. Da na goya ta a lokacin na kama hanya, da ƙila wani labari nake ba ku. Amma takarda ta ce mura, Kaka ta ce mura, taswira ta ce fari, ni kuma wata goma sha huɗu ina gaya wa matan ƙauye su kwantar da hankali, in akwai haɗari na'ura za ta gaya mana.

Alhamis da gari ya waye Kemba ta ƙi tashi. Idonta a buɗe amma ba ni take kallo ba. Na ba ta ruwa ya dawo. Na lissafa a raina: in koma wurin Sista a sake takarda, in je wurin Baba, a bi maza gona-gona a fadama, rana ta yi tsaka ba mu tashi ba. Na ɗauko zani biyu na goya ta. Kaka ta tsaya a bakin ƙofa da tukunyar sirace a hannu, ta kalle ni ta kalli yarinyar, sai ta ajiye tukunyar a ƙasa a hankali. Ta cire bargon kafaɗarta ta rufa mana.

'Yar shekara shida ba jaririya ba ce. Ƙafafunta suna dukan cinyoyina, zafin jikinta yana ratsa zani biyu yana ƙona mini baya. Hanyar duk santsi, ina bi ta tsakanin gonaki ina dafa sandunan wake. Mun yi kamar awa ɗaya sai na ji ta motsa, ta kawo bakinta kusa da kunnena.

"Mama, wa zai duba akwati yau?"

"Ni zan duba in mun dawo. Yi shiru."

Ita ce tambaya ta ƙarshe da na ji daga bakinta yadda ta saba yi.

A daidai inda ƙasa ta zaftare ta fara jijjiga. Jikinta ya sandare, haƙoranta suka datse, idanu suka kakkafe. Na sauke ta a kan jar laka na kwantar da ita ta gefe, yadda Sista ta taɓa nuna mana, ina kiran sunanta, ina kiran Yesu, babu mahaluki a wurin sai itatuwan da suka karye. Da ta lafa na sake goya ta, na tsallaka da rarrafe, laka har gwiwa. A ɗaya gefen na samu wata motar dankali da ta juya za ta koma gari. Direban ya dube mu sau ɗaya ya buɗe ƙofa.

A babban asibiti wata matashiyar likita ta soki yatsan Kemba, ta ɗiga jinin a kan wani ɗan farin tsinke wanda bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Ko minti goma ba a yi ba layi biyu suka fito, alamar zazzaɓin cizon sauro ne. Abin ke nan. Abin da na tsallake dutse saboda shi ke nan.

"Kwana nawa tana zazzaɓi?" ta tambaye ni, hannunta yana neman jijiya.

"Huɗu."

"Huɗu! Baiwar Allah, me kika zauna yi da ita?"

"Likita, mu fari ne."

"Fari kamar yaya?"

Ba ta san zancen taswira ba.

Kwana uku Kemba ba ta san inda take ba. Aka yi mata allurai, aka yi mata ƙarin ruwa, aka kira Turyatemba ya hau mota ya zo aka ɗebi jininsa aka ƙara mata. A rana ta huɗu ta buɗe ido ta gan ni ta miƙo hannu. Na yi kuka, na yi godiya, na yi rawa a tsakiyar ɗakin marasa lafiya. Da rana wata mai shara ta yar da farantin ƙarfe a bayan gadonmu. Duk ɗakin aka zabura, jarirai suka fashe da kuka. Kemba ko waiwayawa ba ta yi ba.

Likita ta tafa hannu a kunnen dama, ta tafa a na hagu. Ta ce ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ta ce wasu jinsu yana dawowa, wasu ba ya dawowa. Namu bai dawo ba.

Ranar sallama wani magatakarda ya zaunar da ni zai cike takarda.

"Daga ina?"

"Nyabushoro."

Ya bi wani jeri da yatsa. "Wannan ai farin yanki ne. Ta yi tafiya kwanan nan?"

"Tun da aka haife ta ba ta taɓa sauka daga dutse ba sai wannan karon."

"Akwai mai zuwa kwari a gidanku?"

"Ubanta yana aiki a can. Amma ita ba ta..."

"Yauwa." Ya yi alama a wani gurbi. "Daga waje aka kawo cutar."

"Malam, a fadamarmu sauro ya cije ta. Ni na ga tsutsar da idona."

"Madam, gurbi biyu ne a takardar, na gida da na waje, kuma ɗan farin yanki ba a cike masa na gida sai da sa hannun ofis. Na gaba!"

Da muka koma gida na tarar an binne yara biyu a bayana, ɗan maƙwabciyata da wata 'yar wata tara daga hayin coci. Babu wanda aka gwada jininsa. A littafin Sista an rubuta mura mai tsanani.

Ban daina zuwa wurin akwati ba. Na yi wa Kemba alkawari, kuma ita take fara tashi ta ɗauko littafin. Tana biye da ni kamar da, sai dai shiru. Wani lokaci takan ja mini zani, ta nuna wani abu, bakinta ya motsa, sautin ya fito a karkace. In ta ga ban gane ba sai ta saki zanin ta ci gaba da tafiya.

A watan Agusta, bayan an gyara hanya, aka aiko cewa manyan baƙi za su zo ganin shirin. Aka ce in wanke rigata. Motoci uku suka zo, da mutanen babban birni da Turawa biyu. Aka sake taruwa a filin makaranta, aka sake manna taswira, ita ce dai ta bara, gefenta ɗaya ya fara yagewa. Aka sa na nuna yadda nake karanta ma'auni, aka ɗauke ni hoto, aka tafa mini.

Sannan Mista Byamugisha ya ɗaga wata takarda, fuskarsa cike da fara'a.

"Ina alfaharin sanar da baƙinmu cewa na'urarmu tana aiki. Da lambobin da wannan baiwar Allah take aikowa, ta yi gargaɗin farko tun ranar sha biyu ga Maris. Babu gundumar da ta riga mu."

Aka tafa. Ni kuwa na tsaya ina lissafi da yatsu. Daga sha biyu ga Maris zuwa ranar da Kemba ta kwanta a bakin murhu, mako shida ne da 'yan kwanaki.

Na miƙe. Kaka ta ja mini riga, na fizge.

"Yallaɓai, gargaɗin ina ya je?"

"Ya zo ofishinmu, uwar yarinya. Yana cikin fayil."

"Mu fa?"

Ya gyara tsayuwa. "Akwai tsari. Gargaɗin na'ura shi kaɗai ba ya motsa kaya. Sai an samu mutum biyar da gwajin jini ya tabbatar a cikin yankin, sannan a sauya launi a aiko da magani. In ba haka ba kowa zai ce a ba shi, na mutanen ja ya ƙare."

"A gwada da me? Tsinken gwajin kun kwashe shi tun Janairu."

"Tsinke yana zuwa inda aka tabbatar da cuta."

"Ita kuma cutar ba ta tabbata sai da tsinke."

Wani daga baya ya ce, "Lauyar ta gado ce ashe!" Amma babu wanda ya yi dariya.

Na jawo Kemba gabana. "Ga ɗaya. An gwada ta, layi biyu. Saura huɗu. Biyu suna bayan coci a ƙarƙashin ƙasa, in kuna so a tono."

Ya duba takardunsa, kuma na ga alama da gaske yake dubawa. "A rubuce, ba mu da ko ɗaya daga Nyabushoro." Ya ɗago kai, sai ya gane ta. Fuskarsa ta saki. "A'a, lauyata ce! 'Yan mata, yau babu tambaya?"

Kemba ta tsura wa bakinsa ido. Ta juyo ta kalle ni, tana jiran in nuna mata da hannu abin da ya ce.

"Ba ta jin ka, yallaɓai," na ce. "Tambayarta tana nan inda ta bar maka ita bara. Ba ka amsa ba."

Ɗaya daga cikin baƙin ya sunkuya ya tambayi abin da ake cewa. Aka fassara masa wani abu gajere, ya gyaɗa kai ya rubuta a littafinsa. Mista Byamugisha ya ce an ji kokena, za a duba shi idan lokacin sabunta taswira ya yi, nan da shekara uku. Ba mugun mutum ba ne, na yarda. Har ya zo ya shafa kan Kemba kafin ya shiga mota. Aka raba wa mutane lemon kwalba.

Baba Rwabuhemba bai sha nasa ba. Da mutane suka watse ya zo ya tsaya kusa da ni, yana juya hularsa a hannu.

"Takardar ta ce mura, 'yata," ya ce.

"Na sani, Baba."

Ranar Lahadi bayan coci ya tara maza ya sauya ƙa'ida. Duk yaron da zazzaɓi ya kwana biyu a jikinsa, engozi zai fita, da takarda ko babu. Wasu sun yi gunaguni saboda gona. Ya ce mai gunaguni ya je ya faɗa wa Kemba a kunne.

Gidan sauron na ɗinke shi, rami arba'in da ɗaya, da zaren buhu. Kaka ce take zura mini allura, ba ta ƙara kirana malamar sauro ba. Mun bi gida-gida mun ƙwato na kan kabeji da na 'yan tsaki, waɗanda za su ɗinku mun ɗinke. Har yau ina aika lambobi da ƙarfe bakwai, suna ta hawa, na'ura tana ta gargaɗi, fayil yana ta kauri. A taswira har gobe mu fari ne tas.

Ke da kike karanta wannan, in kina zaune a inda aka ce wata cuta ba ta zuwa, ki bar wa masu ofis wannan maganar. Garin da kika girma a cikinsa ba shi ne garin da kike renon ɗanki a ciki ba, ko da ba ki taɓa matsawa ko taku ɗaya ba. In jikin yaro ya yi zafi ya sauka ya sake dawowa, kada ki ɗora tukunya, kada ki jira takarda, kada ki jira a kira ki a waya, don ba za a kira ba. Ki goya shi tun yana iya yi miki surutu, ki tafi inda za a soki yatsansa, kuma kada ki tashi daga wurin sai kin ga tsinken da idonki. Ni kwana uku na jira. Kada ki jira ko ɗaya.